Na Je Maraɗi Neman Mai Kushe Ni

Tun ranar da ɗan Adam ya fara ɗaura takalmi, dalilai uku ne ke fitar da shi daga garinsu: neman ilimi, neman abinci, da gudun azzalumi. A kan waɗannan aka kafa birane, aka rushe dauloli, aka haƙa rijiyoyi a tsakiyar sahara. Ni kuwa Sada na Ƙofar Durbi a birnin Katsina, tsohon malamin sakandare, Allah Ya nufe ni da buɗe babi na huɗu a tarihin tafiye-tafiye. Na ƙetare iyaka, na shiga Jamhuriyar Nijar, don neman mutum ɗaya da zai dubi idona ya ce maganata shirme ce.

Tun da na dawo abokai ke tare ni, a masallaci, a wurin suna, wasu ta tagar mota ba tare da sun kashe inji ba. "Malam Sada, an ce ka je Maraɗi, yaya wajen?" Kafin in gyara murya mai tambayar ya dubi agogo. Shi ya sa na ga gara in rubuta, kowa ya karanta ranar da siyasa ta ba shi hutu.

Shekaru da dama ina ɗauke da wani labari a kaina. Labarin wata ƙasa ce ta nan gaba, wadda ba ta da gidan yari, ba ta da bulala, ba a harbin kowa. Abu ɗaya hukuma take yi: duk ƙarshen damina sai a tashi kowa daga unguwarsa a kai shi wata, a zaunar da shi cikin mutanen da bai taɓa gani ba. Har ma'aikata guda aka kafa don wannan, Ma'aikatar Sauyin Maƙwabta. Kana iya faɗin abin da ka ga dama a ƙasar, sai dai ba ka san wanda kake faɗa wa ba, shi ma bai san ka ba. Babu mai kiran ka da sunan ƙuruciya. Ranar da ka mutu, sai masu ɗaukar makara sun tambayi sunanka kafin su yi maka addu'a. Tauraron labarin wani dattijo ne da ya karya doka, ya fita neman wanda ya san shi tun da. Duk malamin da aka yi ta jifa da shi daga makarantar wannan ƙauye zuwa ta wancan ya san inda na samo irin da na shuka.

A zamanin soja ban rubuta ko harafi ba, domin takarda ba ta riƙe amana a lokacin. Da suka koma bariki, farar hula suka karɓa, sai na ce to, yanzu baki ya buɗe. Na fito dakalin da muke zama bayan la'asar, na tarar da shi fayau. 'Yan majalisarmu, waɗanda muka yi shekara da shekaru muna zagin gwamnati da su ƙasa-ƙasa, duk sun tafi neman shiga cikinta. Wannan yana bin sabon kansila, wancan yana riƙe wa wani ɗan majalisar dokoki jaka, ɗaya ya tare a ƙofar gidan wani kwamishina a Kambarawa har ana zaton maigadi ne. Wanda na kama na ba shi labarin a tsaye, sai ya ce, "Madalla, Malam. Allah Ya sa albarka." Na gaba ya ce, "Ilimi ke nan." Mai ɗakina Hajara ta saurara har ƙarshe, ta ce Allah Ya sa a saya, sannan ta ce in ɗage ƙafa za ta yi shara.

Mu Katsinawa muna da ladabi, kuma ina alfahari da shi. Ba ma kushe mutum a gabansa. Muna adana masa har ya tashi. Wannan tsari yana da kyau ga zaman lafiya, amma marubuci yakan mutu a cikinsa yana murmushi.

Mutum ɗaya na sani da bai iya wannan ladabin ba. Ɗayyabu, wanda muka koyar tare a Batagarawa muna samari. Reza muke ce masa, shi kuma yana ce mini Ɗan Tawada. Na taɓa rubuta wani gajeren labari na ƙare shi da cewa tauraron ya farka, ashe duk mafarki ne. Ɗayyabu ya karanta a ɗakin malamai, ya ajiye a hankali, ya ce, "Ɗan Tawada, wanda ya ƙare labari da farkawa daga barci, kamata ya yi a mayar da shi barcin, a ja ƙofa." Na yi kwanaki ba na yi masa magana. Ban kuma taɓa samun darasin da ya fi wannan ba, har da waɗanda aka ba ni takardar shaida a kansu.

Bakin nan nasa shi ya ja masa. Ya faɗi wata magana a kan wani kantoma a wurin ɗaurin aure, aka zo aka tafi da shi, aka sako shi bayan wani lokaci. Bai koma aji ba. Ya tafi Maraɗi wurin dangin mahaifiyarsa, muka ji ya shiga sarin wake, muka ji ya yi Hajji, daga nan muka daina ji. Sai na yanke wa kaina hukunci: ba zan ɗora alƙalami a takarda ba sai Reza ya ji labarin. In ya ce shirme ne, in huta. In ya ce shirme ne amma da gyara, to, na san akwai littafi.

Na isa tasha da hantsi, na sami wata fijo da ta girmi wasu 'yan majalisarmu. Direba ya ce saura mutum ɗaya. Wannan mutum ɗayan bai zo ba sai da aka yi azahar. Aka cusa ni tsakanin ƙofa da wata Hajiya Tabawa mai kai robobi Maraɗi, wadda ta ɗora mini wani baho a cinya ba tare da ta ga buƙatar shawara da ni ba. A bangon tasha har yanzu hotunan 'yan takara ne, waɗanda suka ci da waɗanda suka faɗi, duk suna murmushi iri ɗaya. A kan hanyar Jibiya kuwa na lura sojoji sun koma bariki, amma gangunan da ake tare hanya da su ba su sami labari ba.

"Malam, kai mi za ka yi Maraɗi?" in ji Hajiya. "Ba ka yi kama da mai sari ba."

Malamin makaranta da aka yi wa tambaya bai san taƙaitawa ba. Na ba ta labarin tun daga Ma'aikatar Sauyin Maƙwabta har zuwa dattijon. Motar ta yi tsit, na ji wani daɗi da na daɗe ban ji ba.

"To ina yarinyar?" in ji ta.

"Wace yarinya, Hajiya?"

"Wadda ake so mana. 'Ya'yana na karanta mini littattafan nan, ban taɓa jin wanda babu yarinya ba. Tsoho kawai yana ta yawo?" Ta gyara zama, bahon ya ƙara nutsewa a cinyata. "Amma dokar ta yi. Ni da za a tashe ni daga maƙwabciyata da na yi sadaka. Akuyarta ba ta bar mini zogale ko ɗaya ba."

Direba ya dube ni ta madubi. "Wace jiha za a fara, Malam?"

Na ce ba shirin gwamnati ba ne, ƙagaggen labari ne, babu shi a ko'ina. Wani tsoho da ke kujerar baya, wanda na zaci barci yake yi, ya ce, "Haka suke cewa da fari."

Taya ta fashe bayan Jibiya. Tayar canjin ma ashe tana buƙatar canji. Muka zauna gindin wata bishiyar bedi muna kallon direba ya hau mashin ɗin wani ya koma gari, Hajiya ta raba mana gyaɗa, tsohon nan ya ƙaura nesa da ni. Saboda haka ba mu isa kan iyaka ba sai da rana ta yi sanyi.

A namu ɓangaren babu abin ba da labari, an gaisa, an yi abin da aka saba. A nasu ɓangaren aka ce kowa ya sauka. Su a lokacin sojojinsu ne a kan mulki, suna alkawarin sauka, wato suna inda muka baro jiya. Na taka ina neman inda zan sami ruwan alwala, sai na ji usur. Ban kula ba, domin a wurinmu usur na alƙalin wasa ne da 'yan sintiri. Sai da na yi nisa na ga ni kaɗai ke motsi a duniya. Direba ya ƙame, Hajiya ta ƙame, mai fura ta tsaya da ludayi a sama. Ashe tuta ake saukewa, kuma a can idan ana sauke tuta ko kaza ba ta tono.

Wani jandarma dogo ya yafito ni bayan an gama.

"Kai ba ka ji usur ba?"

"Na ji, ranka ya daɗe. Ban san da ni ake ba."

"Mi ne aikinka?"

"Malamin makaranta ne, na yi ritaya."

"Malami, kuma bai san tuta ba." Ya juya katin shaidata gaba da baya. "Mi ka zo yi?"

"Na zo in ba wani abokina labari."

"Labarin mi?"

A nan ne karatun da na yi ya yi mini rana. Na dubi kakinsa, na dubi bindigar da ke jingine a bango, na tuna labarina na wata hukuma ce mai wasa da mutane. Na ce, "Labarin wani tsoho ne da ya fita neman abokinsa."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan."

"Gajere ne," in ji shi. Ya ce tun da ban girmama tuta lokacin da take nan ba, in je in girmama sandar. Na tsaya ƙiƙam a gaban sandar da babu komai a kanta, fasinjoji suna jira na, Hajiya tana cewa ai gara da ya yi mini haka. Ina tsaye ina juya amsar da na ba shi. Na rage labarin ne don tsoro, amma na kasa gano abin da na cire.

Mun shiga Maraɗi bayan magariba. Ba a faɗa wa mutum gida a irin wannan lokaci bayan shekaru, don haka na kama ɗaki a wani masauki kusa da tasha. Gado, buta, da fanka. Na kwanta ina jiran fankar ta tsaya kamar yadda kowace fanka mai tarbiyya take yi a Katsina. Har asuba tana juyawa. Mai masaukin ya ce ai wutar daga wajenmu ake ja musu. Na ce masa na gode da ya sanar da ni inda take zuwa.

Da safe aka ba ni burodi dogo kamar sandar makiyayi, mai tauri a waje, ciki babu kowa, da ruwan kofi a kwano kamar za a yi wa jinjiri wanka. Ofisoshinsu kuwa da rana ta take sai a rufe, kowa ya tafi ya kwanta, da izinin hukuma. Mu ma muna yin haka, sai dai mu a kan tebur muke yi, ƙofa a buɗe. Hausarsu irin ta kakata ce, an yayyafa mata Faransanci. Kuma kowa ka gaya wa daga Katsina kake sai ya ce ai shi ma Bakatsine ne, kakanninsa ne suka fito tun zamanin jihadi. Gari ne guda na mutanen da suka bar gida suna cewa za su dawo.

A layin masu wake na tambayi Reza, babu wanda ya san shi. Na ce Malam Ɗayyabu, tsohon malamin makaranta daga Najeriya.

"Alhaji Ɗayyabu?" in ji wani mai awo. "Mai shirun nan?"

Na ce ba shi ba ne. Ya kwatanta mini kamanninsa, har da tabon da ke girarsa ta hagu. Na ce shi ne.

Na tarar da shi a ƙofar rumfarsa a kan buzu, ya yi ƙiba, gemu ya yi fari. Na shirya abin da zan ce tun daga Katsina: Reza, ashe ba ka mutu ba. Kafin in buɗe baki ya miƙe tsaye, ya kama hannuna da hannu biyu.

"Malam Sada. Lale marhabin. Sannu da hanya, sannu da rana. Ina gajiya? Ina iyali? Ina mutanen Katsina?"

A tsawon zamanmu bai taɓa miƙe mini ba, bai kuma taɓa ce mini Malam ba sai in zai yi mini ba'a. Na duba fuskarsa ina neman ba'ar. Babu.

Ya rufe rumfa saboda ni, ya kai ni gida, ya sa aka buɗe ɗakin baƙi mai kujerun da ba a cire wa leda ba. Ya zaunar da ni a kujera, shi ya zauna a ƙasa. Aka yanka zabi, aka kawo fura mai sanyi, aka kawo shinkafa, aka kawo kankana. Duk lokacin da shiru ya yi yawa sai ya sake gaishe ni daga farko. Ban taɓa cin karamci mai nauyin wannan ba.

"Reza," na ce, don in gwada.

Ya yi murmushi yana kallon tabarma. "Ƙuruciya ke nan, Malam. Ƙara naman."

Bayan la'asar muka zauna a zaure, na ce na zo da magana. Ya gyara zama kamar wanda za a karanta wa wasiyya. Na ba shi labarin, kuma ban taɓa ba da shi da kyau kamar ranar ba. Na kawo ma'aikatar, na kawo motocin da ke zuwa ƙarshen damina, na kawo jana'izar da ake tambayar sunan mamaci. Yana sauraro, yana gyaɗa kai a wuraren da suka dace da wuraren da ba su dace ba. Da na ga mun kusa ƙarshe bai katse ni ko sau ɗaya ba, mutumin da da ba ya barin ka kai aya, sai na yi abin da ban shirya ba. Na ɗana masa tarko.

"A ƙarshe," na ce, "dattijon yana gab da isa ƙofar abokin nasa, sai ya farka. Ashe duk mafarki ne."

Na zuba masa ido. Wallahi na gani. Girar nan mai tabo ta ɗaga, gefen bakinsa ya motsa yadda yake yi a ɗakin malamai in ya ga nama. Ya ja numfashi. Na riƙe nawa. Na ji zuciyata tana cewa faɗi, Ɗayyabu, mayar da ni barcin, ja ƙofar.

Ya sauke numfashin. Ya shafa gemu.

"Madalla," in ji shi. "Allah Ya sa albarka, Malam Sada. Ilimi ke nan."

"Ba ka ga wani abin gyara ba?"

"Wane ni."

"Ƙarshen fa?"

"Ya yi. Masu karatu za su ji daɗi." Ya leƙa waje. "In sa a kawo shayi?"

Aka kawo shayin, irin nasu mai ɗaci a ƙaramin kofi, ana sha ana sakewa. Muka yi maganar wake, da yadda damina ta yi, da waɗanda suka rasu. Na ce masa yanzu an sami sauyi a gida, mutum na iya dawowa ya faɗi abin da yake so. Ya ce haka ya ji a rediyo, Allah Ya ɗorar. Ban san ko abin da aka yi masa lokacin da aka tsare shi ne ya rufe bakin ba, ko kasuwa ce, ko shekaru, ko kuwa bakin yana nan, ni ne dai na zama baƙo, baƙo kuma ba a gyara masa magana. Ban tambaya ba. Ni ma Bakatsine ne.

Washegari ya rako ni tasha da kansa, da ƙunshin kilishi, da turmin atamfa na Hajara, da rabin buhun wake da direba ya yi ta ƙorafi a kai. Na shiga na zauna. Mota ta tashi, sai na ga ya biyo ta da sauri, ya dafa taga, ya sunkuyo. Na ce a raina to, ga ta nan, ya kasa haɗiyewa. Na miƙa kunne.

"Malam," in ji shi, "in ka ji usur a kan iyaka, ka tsaya."

Wannan ne gyaran da na samo a Maraɗi, kuma na yi aiki da shi.

A hanyar dawowa ban ba kowa labari ba. Na zauna da waken a ƙarƙashin ƙafata ina tunanin ma'aikatar da na ƙirƙira, da motocinta, da ma'aikatanta, da irin wahalar da na ɗora wa hukumar ƙasar nan tawa. Ni da Ɗayyabu babu wanda ya tashe mu duk ƙarshen damina. Tsakanin Katsina da Maraɗi tafiyar hantsi ce in taya ba ta fashe ba.

Hajara ta ce atamfar mai kyau ce, waken kuma ba shi da ƙwari. Dakalinmu yana nan, wani mai lemo ya fara kasa kayansa a kai. Alƙalamin yana aljihu, domin sharaɗin da na gindaya wa kaina bai faɗi abin da zan yi ba in Reza ya ce madalla.

Saura tambayar da kuke ta yi mini, wadda na lura ita ce ainihin abin da kuke son ji in kun ce yaya wajen. Babu wanda ya tambaye ni Ɗayyabu, babu wanda ya tambayi littafin. Kowa so yake ya san ko gaskiya ne ba a ɗauke wuta a Maraɗi.

Iya zaman da na yi, ba a ɗauke ba.